Yadda ake gane ko antibayotik ne ya jawo ƙuraje, da yadda ake tabbatarwa

Layi ɗaya a katin asibiti kan bi mutum har tsufansa: "yana da alajin fenisilin". Daga ranar da aka rubuta shi, duk likitan da ya ɗauki katin zai kauce wa amoksisilin da Ampiclox da Augmentin, ya koma wa magani mai tsada ko wanda bai kai su aiki ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da wannan tambari, kuma in aka gwada su, fiye da 9 cikin 10 suna shan fenisilin lafiya lau. Kuskuren ɗaya gefen ya fi muni: wanda Septrin ya taɓa saɓule wa leɓe, aka ce masa zafi ne kawai, wata rana aka miƙa masa Fansidar, wanda dangi ɗaya ne da Septrin. Wannan bayani don ma'aikatan lafiya ne na Zariya da kewaye, daga ƙaramin asibitin unguwa a Samaru ko Tudun Wada har zuwa ɗakin kwanciya na asibitin koyarwa a Shika. Mafi yawan aikin tambaya ce da lissafin kwanaki. Allurar gwaji sai can daga baya, kuma ba kowa ake yi wa ba.

Mataki na farko: a ware wanda ba zai jira ba

Kafin a tambayi sunan magani, a duba numfashi, bugun jini, hawan jini, zafin jiki, baki da ido.

Idan borin jini ya tashi cikin mintuna ko awa ɗaya bayan magani, tare da kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi mai fito, amai ko jiri da faɗuwar jini, wannan anafilaksis ne. Maganinsa adirenalin a tsokar cinya ta waje, daga kwalbar 1 mg cikin 1 ml: babba 0.5 ml, yaro mai shekara 6 zuwa 12 0.3 ml, ƙasa da shekara 6 0.15 ml. A maimaita bayan minti 5 in bai farfaɗo ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, mai ciki a kwantar da ita gefen hagu, a sa iskar oksijin da ƙarin ruwa, babba 500 zuwa 1000 ml da sauri. Abin da aka saba yi, wato a fara da haidirokotizon da Piriton ana jiran a gani, shi ke cinye lokacin. Ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa ɗaga jini.

Akwai kuma alamun da ke zuwa a hankali amma suna kisa. Fata mai ciwo ko raɗaɗi maimakon ƙaiƙayi. Bororo. Gyambo a baki, jan ido mai kwantsa, zafi wajen fitsari. Kumburin fuska. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5. Kaluluwa a wuya da hamata. Idon shawara. In ka murza fatar da ke kusa da ƙurji da yatsa ta zame kamar bawon dafaffen tumatir, ka gama bincike a nan: a tsayar da duk maganin da ake zargi, a tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a ranar, da duk fakitin magungunansa a leda.

Mataki na biyu: a zana layin kwanaki

Nan ne gwajin gaskiya yake, kuma takarda da biro kaɗai yake ci. A ja layi a kwance, a sa ranar da ƙurajen suka fara a matsayin sifiri, a koma baya sati 8. Kowane magani a ja masa nasa layin daga ranar farawa zuwa ranar dainawa.

Majinyaci ba ya lissafa na kemis da na gargajiya cikin "magani" sai an tono. Don haka tambayar "me kike sha?" ba ta isa ba. A bi a hankali: "Hajiya, ban da na asibiti, an haɗa muku wani a kemis? An yi muku allura a gida? Akwai jiƙo ko gari da kuke sha?" Ga dattijo: "Baba, maganin ciwon gwiwa fa, yaushe kuka fara shi?" In kwanan wata ya ɓace, a ɗaure tambayar da abin da ba a mantawa: kafin Juma'ar da ta wuce ko bayanta, kafin suna ko bayan suna. Launin kafso ba hujja ba ne. Mai ja da rawaya yawanci tetarasaikilin ne, amma kamfanoni da yawa suna zuba abu daban a kwanso iri ɗaya. A aika yaro gida ya kawo fakitin, ko a ɗauko hotonsa a waya.

Da layin ya kammala, sai a auna shi da tazarar da kowane irin ƙurji ke ɗauka. Borin jini da kumburi na alaji mai sauri suna zuwa cikin awa ɗaya, wani lokaci har awa 6. Ƙurajen da suka fi yawa, ƙanana masu kama da na ƙyanda, suna fitowa kwana 4 zuwa 14 bayan fara magani, suna farawa a ƙirji da baya su bazu zuwa gaɓoɓi daidai a ɓangarorin biyu. In mutum ya taɓa yi a baya, kwana 1 ko 2 ya isa. Suna iya fitowa bayan an gama shan maganin da 'yan kwanaki. Ƙananan ƙuraje masu mugunya birjik a hamata da matsematsi tare da zazzaɓi, wanda ake kira AGEP, kan zo cikin kwana 1 zuwa 4. Saɓulewar fata ta SJS da TEN tana zuwa tsakanin kwana 4 da 28. Mai kumburin fuska da taɓa hanta, DRESS, shi ne mai jinkiri: sati 2 zuwa 8.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. SJS da DRESS suna farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kwana biyu ko uku kafin fata ta nuna. Majinyaci ya je kemis, aka ba shi amoksisilin da farasitamol, jibi ƙuraje suka fito, kowa ya nuna amoksisilin. Alhali mai laifin shi ne kabamazafin da aka fara masa sati uku da suka wuce don farfaɗiya, ko alofurinol, ko fenitoyin, ko nebirafin, ko Septrin na kullum da aka fara masa a makonnin nan. Maganin da aka fara bayan ciwon ya soma ba shi ya kawo ciwon ba. Haka wanda aka shafe watanni ana sha ba tare da yankewa ba, da wuya ya zama shi.

Mataki na uku: a duba fatar da kyau, a hasken rana

Littattafan koyarwa suna cewa "ja", amma a baƙar fata ba ja ake gani ba. Wurin kan yi duhu, ko ruwan ƙasa mai shuɗi-shuɗi, ko ya yi ƙyalli kawai. Fitilar ɗaki tana ɓoye shi. A kai majinyaci bakin taga, a shafa da tafin hannu a ji tudu da ɗumi, a duba cikin hannu da tafin ƙafa inda launi ya fi fita. A nemi izini a duba al'aura, da ma'aikaciya mace in majinyaciyar mace ce, domin kunya kan sa a ɓoye gyambon da shi ne zai bayyana komai.

Borin jini ana gane shi da tafiya: a zagaye ɗaya da biro, in ya ɓace kafin awa 24 wani ya fito a wani wuri, shi ne. Wanda ya zauna wuri ɗaya kwanaki ba borin jini ba ne.

Akwai wani iri da ake gani sosai a nan, kuma ganewarsa ba wuya: tabo zagayayye kamar kwabo, a leɓe, hannu ko kan al'aura, ya yi ƙaiƙayi da zafi cikin awoyi bayan shan magani, wani lokaci ya yi bororo, ya warke ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Duk ran da aka sake shan maganin, wuri ɗayan nan zai tashi, har sababbi su ƙaru. Septrin, Fansidar, tetarasaikilin da magungunan ciwon jiki irin su Feldene su ne kan gaba. Tambaya ɗaya ce: "Malam, wurin nan ya taɓa tashi a da?"

Faɗin fatar da ta saɓule ana auna shi da tafin hannun majinyacin haɗe da yatsu, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na jikinsa. Ƙasa da kashi 10 SJS ne, sama da 30 TEN, tsakani kuma haɗakar biyun. A ɗauki hoto da izininsa, domin likitan da zai gan shi bayan sati shida ba zai tarar da komai ba sai tabo.

Abubuwan da ke kama da alaji alhali ba shi ba ne

A yara, cutar da aka ba da maganin dominta ita ce ta fi kawo ƙurajen. Ƙyanda tana da tari, mura da jan ido, ƙurajen su fara daga bayan kunne da fuska su gangaro. Ƙarambau yana da ƙuraje masu ruwa iri-iri a lokaci guda. Akwai cutar bairos ta EBV mai kumbura maƙogwaro da kaluluwa, wadda in aka ba mai ita ampisilin ko amoksisilin sau da yawa jiki kan fashe da ƙuraje, kuma mafi yawansu suna shan maganin lafiya daga baya. A bazara, watan Maris da Afrilu, ƙurajen zafi sun cika gari, kuma lokacin sanƙarau ne: ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata da ba sa ɓacewa in an danna, tare da zazzaɓi, dalilin ƙara antibayotik ne da gaggawa. Mai ƙazuwa ƙaiƙayinsa da dare ne, tsakanin yatsu, kuma 'yan gidansu ma suna susa. Ƙuraje a tafin hannu da ƙafa ga baligi, a yi gwajin tunjere da na ƙanjamau.

Ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ya yi yawa a baƙar fata, ba shi da ƙurji kuma ba alaji ba ne. Gudawa, tashin zuciya, ɗacin baki na Flagyl, duk illar magani ce ba alaji ba. "Mahaifiyata jininta ba ya son fenisilin" ma ba dalili ba ne na rubuta wa ɗa komai.

Gwajin jini

In akwai zazzaɓi, kumburin fuska, ko ƙurajen sun rufe fiye da rabin jiki, a yi ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya, gwajin hanta, gwajin ƙoda da na fitsari. Iyosinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) 700 ko sama a maikurolita, ko ALT (ma'aunin gwajin hanta) da ya haura ninki biyu na iyaka, suna karkata zuwa DRESS. Sai dai tsutsar ciki da tsargiya ma suna ɗaga iyosinofil, kuma ga su nan a ƙauyukan da ke bakin rafi da fadama, don haka lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Hawanta daga gwaji zuwa gwaji shi ne abin lura. A maimaita bayan kwana biyu ko uku, domin hanta kan lalace bayan fata ta fara kyau.

Mataki na huɗu: a raba masu ƙaramin haɗari da masu babba

Bayan an warke, ko in tsohon tambari ne aka tarar a kati, akwai ma'auni mai sauƙi na fenisilin da ake kira PEN-FAST, wanda aka wallafa a 2020. Abin ya faru cikin shekara 5 da suka wuce, maki 2. Anafilaksis ne, ko kumburin leɓe da fuska, ko mummunan ciwon fata, maki 2. An buƙaci magani a lokacin, maki 1. Wanda bai kai maki 3 ba, yiwuwar alajin gaske bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shekaru suna da muhimmanci saboda alaji mai sauri yana gushewa: kusan mutum 8 cikin 10 sun rabu da shi bayan shekara 10.

Ma'aunin na manya ne, kuma lissafinsa ba ya shafe tarihi. Wanda ya taɓa SJS, TEN ko DRESS, ko magani ya taɓa masa hanta, ƙoda ko ya fasa masa jini, ba a sake ba shi maganin don gwaji, ko da shekara talatin ta wuce.

Mataki na biyar: gwajin fata

Ana yinsa ga wanda tarihinsa ya nuna alaji mai sauri ga dangin fenisilin, sati 4 zuwa 6 bayan warkewa, a wurin da adirenalin ke cikin sirinji a kan tebur. Ya daina Piriton da danginsa kwana 5 zuwa 7 kafin ranar.

Ƙarfin ruwan shi ne komai. Fenisilin na allura mai yunit miliyan 1 a narka shi da ruwan gishirin asibiti 10 ml, a ɗebi 1 ml a ƙara 9 ml, an sami yunit 10,000 a kowane ml. Ampisilin 500 mg a narka da 5 ml, a ɗebi 1 ml a ƙara 4 ml, an sami 20 mg a kowane ml. A haɗa a ranar, a rubuta suna a jikin kowane sirinji.

A fara da ɗigon ruwan maganin a cikin damtsen hannu na ƙasa, a ɗan soki saman fata ta cikin ɗigon ba tare da jini ba. Gefe guda ɗigon ruwan gishiri, gefe guda histamin 10 mg a ml don a tabbatar fatar tana amsawa. Bayan minti 15 zuwa 20, tudun da ya fi na ruwan gishiri da milimita 3 ya nuna alaji. In babu, sai a shiga cikin fata da sirinjin insulin, 0.02 ml kacal, ya yi ɗan tudu, a zagaye shi da biro, a sake aunawa bayan minti 20. Ƙarin milimita 3 shi ne amsa. Tunda jan da ke kewaye ba ya fita sosai a fatarmu, rula da biro ake bi, ba ido ba.

Al'adar nan ta ɗibar seftiriyazon ko fenisilin yadda aka narka shi don allura, a tsira wa kowane majinyaci a fata kafin a ba shi, ba gwaji ba ne. Ruwa mai ƙarfi haka yana kumbura fatar mai lafiya, a hana shi maganin da yake buƙata, kuma rashin kumburi ba ya ba da tabbacin komai. Sifurofuloksasin da eritiromaisin ma suna fusata fata da kansu, gwajin fatarsu ba abin dogaro ba ne.

Ga ƙuraje masu jinkiri akwai gwajin manne: a niƙa ƙwayar a haɗa kashi 30 cikin 100 da man basilin, a manna a gadon baya awa 48, a karanta ranar cirewa da kuma bayan awa 72 zuwa 96. Mai tabon kwabo a kan tsohon tabon ake mannawa. Bayan DRESS sai an jira wata 6, kuma aikin likitan fata ne. In ya nuna, ya taimaka. In bai nuna ba, bai wanke maganin ba.

Mataki na shida: shan magani a gaban ma'aikaci

Wannan ne ke yanke magana. Ana yi wa mai ƙaramin haɗari kai tsaye, da kuma wanda gwajin fatarsa bai nuna komai ba. Kada a yi ranar da yake zazzaɓi, ko asmarsa ta tashi, ko yana shan maganin hawan jini irin su atenolol da furofuranolol, waɗanda ke rage aikin adirenalin. Mai ciki a bar wa ƙwararru.

A yi masa bayani ya amince a rubuce, a auna jini da bugu da numfashi. Ga babba, a ba da kashi ɗaya cikin goma, wato amoksisilin 50 mg, wanda shi ne 1 ml na ruwan yara mai 250 mg a 5 ml. A jira minti 30, a sake aunawa. In lafiya, a ba da 500 mg, a zauna da shi awa ɗaya cur. Tsoro kaɗai kan kawo ƙaiƙayi da ɗaurewar maƙogwaro, don haka abin da ido ya gani ko na'ura ta auna shi ake rubutawa. Ya tafi da lambar wayar asibiti, domin ƙurajen jinkiri na iya fitowa cikin kwanaki masu zuwa; ya ɗauki hoto ya dawo.

Masu tarin fuka nasu daban ne, domin ba a iya barin maganin gaba ɗaya, kuma magungunansu huɗu suna cikin ƙwaya ɗaya. In ƙurajen ba masu haɗari ba ne, ana tsayar da duka har fata ta lafa, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya da ƙwayoyi rarrabe, a fara da ƙaramin awo kamar aisoniyazid 50 mg a ƙara cikin kwana 3, sannan na gaba. Wanda ƙurajen suka dawo a kansa shi ne. Irin wannan, da na masu kuturta da dafson ya kumbura wa fuska ya taɓa hanta, a haɗa su da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye.

Abin da za a rubuta, da abin da za a hana

"Alajin magani" kawai a kati ba ya amfanar kowa. A rubuta sunan maganin na asali, kwanan wata, awa ko kwana nawa bayan farawa, irin ƙurjin, abin da aka yi masa, da ko zargi ne ko an tabbatar. A ba majinyaci kati ƙarami da sunayen kasuwa, domin a kemis ba wanda zai ce masa Ampiclox da Augmentin 'yan gida ɗaya ne da amoksisilin.

Mai alajin amoksisilin ko ampisilin a kauce masa sefaleksin, sefadiroksil da sefakulo, saboda reshen sinadarinsu kusan ɗaya ne. Seftiriyazon da sefazolin reshensu daban, yawancin masu alajin fenisilin marar tsanani suna ɗaukar su. Wanda seftiriyazon ya tayar wa kuma, a haɗa da sefotaksim a hanin.

Mai alajin Septrin a hana shi Fansidar. Wannan ya shafi mata masu zuwa awon ciki, waɗanda ake ba Fansidar, da kuma yara 'yan wata 3 zuwa 59 da ake bi gida-gida da damina ana ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin akwai salfadoksin, sinadarin da ke cikin Fansidar, a cikinsa. A gaya wa uwa da baki, a rubuta a katin yaron, ta nuna wa masu rabon tun a ƙofar gida. A cike takardar NAFDAC mai ruwan ɗorawa ta rahoton illar magani, ko da zargi ne kawai.

In kuwa gwaji ya wanke mutum, a soke tsohon tambarin a kati da kwamfuta, da kwanan wata da sa hannu, a rubuta maganin da ya sha da awonsa. A faɗa masa a gaban wanda ya rako shi: "Malam, kun sha amoksisilin yau a gabanmu, ba abin da ya faru. In an tambaye ku a wani asibiti, ku nuna wannan takarda."